Waya mai naɗewa: amsa ga mai niyyar sayen ta hannu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Ka ce kana da waya da kuma kwamfutar hannu, wato tabulet, wadda kake karanta littattafai da takardun aiki a kanta, kuma kana tunanin ka sayar da su duka biyun, ka cika kuɗi ka sayi waya mai naɗewa ta hannu, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, irin wadda ake buɗewa kamar littafi, domin ka huta da yawo da na'ura biyu. Ka tambaya ko irin waɗannan wayoyi suna da amfani na gaske, ko kuwa ƙawa ce kawai. Na jima ina riƙe da irinta, kuma da ita nake yawancin aikina, saboda haka zan gaya maka abin da idona ya gani. Amfaninta gaskiya ne, amma a halin da ka bayyana ban ba ka shawarar ka saya ba, musamman da yake ta hannu kake nufi.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Ni harkar kayan gini nake yi, kullum ina cikin duba jadawalin farashi da zanen gini da takardun kwangila, kuma sau da yawa a tsaye nake duba su, a bakin shago ko a wurin aiki. Idan na buɗe wayar, sai in ajiye jadawalin a gefen dama, hirar WhatsApp da mai sayen kaya a gefen hagu, ina duba farashi ina ba shi amsa ba tare da na fita daga wannan na shiga wancan ba. Sikirin ɗin ciki na waɗannan wayoyi, wato babban da ke bayyana idan an buɗe wayar, galibi yana tsakanin inci bakwai da rabi zuwa takwas: na Samsung Galaxy Z Fold ya daɗe a inci 7.6 kafin Fold7 ta 2025 ta kai shi inci 8, na Tecno Phantom V Fold da ta fito a 2023 kuwa inci 7.85 ne. Wannan faɗin ya isa shafin Alƙur'ani bugun Madina mai layi goma sha biyar ya fito gaba ɗayansa, mutum ya karanta ba tare da ya matse ido ko ya yi ta jan shafi sama da ƙasa ba. Ga mai karatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kada ka ɗauka za ta maye maka gurbin tabulet ɗinka gaba ɗaya. Yawancin tabulet inci goma ne ko sha ɗaya, kuma idan littafin da kake karantawa ɗaukar hoto ne na tsohon bugu mai ƙananan haruffa da sharhi a gefe, za ka ji bambancin tun a shafin farko. Kallon bidiyo ma ba ya ƙaruwa sosai, domin sikirin ɗin ciki kusan murabba'i ne, sai hoton ya zauna a tsakiya, sama da ƙasa su zama baƙi.

Abin da ya fi muhimmanci ka fahimta shi ne sikirin ɗin da ke naɗewa dole ya kasance mai laushi. A watan Afrilu na 2019 Samsung ta ɗage fitar da Galaxy Fold ta farko, bayan da wayoyin da aka ba 'yan jarida don gwaji suka fara lalacewa cikin 'yan kwanaki. Wasunsu sun ɓare wata leda da ke saman sikirin suna zaton ledar kariya ce ta yau da kullum, alhali tana cikin ginin sikirin ɗin, wasu kuma tarkace ne ya shiga ta mahaɗar tsakiya, wato inda ɓangarorin wayar biyu suke haɗe. Sai a Satumba aka fitar da ita bayan gyara, a kan dala 1,980. Daga 2020 an koma amfani da gilashi mai matuƙar siranta, kuma an samu ci gaba ƙwarai, amma har yau leda ce a samansa, farce yana iya barin alama a kanta, kuma ba a so ka cire ta da kanka. Layin da ke tsakiya, inda wayar ke lanƙwashewa, ido yana sabawa da shi, amma daga nan ne ledar take fara ɗagawa, iska ta shiga ƙarƙashinta, sai ka ga wani farin zare ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kamfanoni suna cewa an gwada naɗe wayar sau 200,000, wato kimanin sau ɗari a kullum har shekara biyar, wasu sababbi ma fiye da haka. Na yarda da gwajin, amma inji ne ya yi shi a ɗaki mai tsabta, ba a aljihun mutumin da ke hawa babur a hanyar da ba kwalta ba.

Wannan ya kawo ni kan ƙura, wadda a ganina ita ce babbar matsalar wannan waya a wajenmu. Idan ka duba bayanin waya za ka ga haruffan IP da lambobi biyu: lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Manyan wayoyi na yau da kullum suna da IP68, kuma 6 ɗin nan tana nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Galaxy Z Fold3 zuwa Fold5 suna da IPX8 ne, wato an tabbatar da juriyarsu ga ruwa, amma ba a ba su wata lamba a kan ƙura ba. Fold6 da Fold7 suna da IP48, kuma 4 tana nufin abin da girmansa ya wuce milimita ɗaya ne kawai ba zai shiga ba. Ƙurar hunturu kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai a 2025 Google ta fito da Pixel 10 Pro Fold mai IP68, ita kuma samun kayan gyaranta a nan ba abu ne mai sauƙi ba. Tawa wayar, a hunturun farko da ta gani, na fara jin wani ɗan ƙaras-ƙaras idan ina buɗe ta, daga baya ta daina shimfiɗewa sarai, tana tsayawa da ɗan kwana. Tun daga lokacin na koyi goge sikirin ɗin ciki da ƙyalle mai laushi kafin in rufe, domin ƙwayar yashi guda idan ta zauna a kai ka naɗe wayar, kai da hannunka ka danna ta cikin sikirin. Idan ina wurin da ake sauke siminti ko yashi ba na buɗe ta sam, da sikirin ɗin waje nake aiki.

To idan ta lalace fa? Wayar da muka saba da ita, idan sikirin ya fashe, ka shiga Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja a canza maka kafin la'asar, har ka zaɓi mai tsada ko mai sauƙi. Sikirin ɗin ciki na mai naɗewa galibi haɗe yake zuwa da firam ɗinsa da mahaɗar tsakiya, ba kowane mai gyara ne ke taɓa shi ba, sau da yawa sai an yi odarsa ka jira, kuma kuɗinsa yana iya saya maka sabuwar waya mai kyau. Wannan shi ne dalilin da ya sa farashin ta hannu yake faɗuwa da sauri har ya ba mutum sha'awa. Wanda ya sayar da ita ya riga ya ci lafiyayyun shekarunta, kai kuma za ka karɓe ta ba garanti, ba ka san sau nawa ta faɗi ba, ba ka san ko an taɓa buɗe cikinta ba. Kuma tunda ka sayar da wayarka da tabulet ɗinka, ranar da ta tsaya ba ka da waya, ba ka da abin karatu. Wannan ne ya fi damuna a cikin shirinka.

Batir ma abin dubawa ne ga wanda wuta ba ta zama a unguwarsu. Galaxy Z Fold ta daɗe a kan batir mai ƙarfin 4,400, alhali Galaxy S24 Ultra, wadda sikirin ɗaya kawai take ciyarwa, tana da 5,000. Ranar da na yi karatu mai yawa a babban sikirin, kafin magariba sai na nemi caji. Tsofaffin kuma, waɗanda su ne za ka fi samu a hannu, suna da nauyi: Fold4 giram 263 ce, Fold7 ce ta sauko zuwa 215. A aljihun gaba na riga za ka ji tana janta ƙasa, idan ka sa mata rigar waya kuma kaurinta ya ƙaru.

Masu naɗewa daga sama zuwa ƙasa, irin Galaxy Z Flip da Infinix Zero Flip, ba su shafi buƙatarka ba, domin idan ka buɗe su girman waya ta yau da kullum kawai za ka samu. Masu ninki uku kamar Huawei Mate XT ta 2024, wadda ke buɗewa zuwa inci 10.2, su ne suka kai girman tabulet da gaske, amma tsadarsu ta wuce maganar da muke yi.

Wanda nake ganin ta dace da shi shi ne mutumin da aikinsa na takardu ne kuma a tafe yake yinsa, wanda zai iya sayen sabuwa da garanti daga dillalin da kamfani ya amince da shi, yana da wata wayar a ajiye, kuma kuɗin canza sikirin ba zai taɓa cefanen gidansa ba. Kai kuwa, Malam, ka riƙe tabulet ɗinka, idan wayar ce ta gaji ka sabunta ta da wani ɓangare na kuɗin. Idan kuma zuciyarka ta kafe sai ta hannun, ka je da wanda ya san waya, ka buɗe ta ka rufe a hankali kusa da kunnenka ka saurari mahaɗar, ka ɗora ta a kan tebur ka ga ko tana shimfiɗewa sarai, ka sa farin hoto ya cika sikirin ɗin ciki ka nemi baƙin ɗigo ko koren layi a tsakiya, ka ja yatsa a kan lanƙwasar ka tabbatar tana amsa taɓi. Kafin ka biya, ka shiga shagon mai gyara ka tambayi kuɗin sikirin ɗin ciki na wannan samfurin, ka haɗa shi da farashin da aka gaya maka, sannan ka yanke shawara. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.