Tambayi Likita: Ƙabar da ba ta fitowa waje

Tambaya: Likita, cibiyar ɗana mai wata 8 ta ɓullo, kakarsa ta ce a ɗaura masa kwabo. (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Kada ki ɗaura komai, kwabo sai dai ya ci masa fata. Yawanci tana komawa da kanta kafin shekara 5. In ta yi tauri, ta ƙi komawa, yana amai, ki kai shi asibiti nan take.

Tambaya: An yi mini aikin gwaiwa, yaushe zan koma ɗaukar buhu? (Wani ɗan dako daga Kano)

Amsa: Malam, sai bayan sati 4 zuwa 6, kuma sai wanda ya yi maka aikin ya duba ka. Tafiya kam ka fara tun yanzu.

Tambaya: Shekara biyu maigidana yana fama da murɗawar ciki bayan cin abinci, ya yi amai, sannan abin ya lafa. Sau uku ana hoton ciki ba a ga komai ba, sai maganin olsa. Wani mai magani ya ce ƙabar ciki ce, ya ba shi jiƙon kanwa da maganin wankin ciki. (Wata baiwar Allah daga Azare)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan tambaya ta tsaya mini a rai. Da farko, don Allah a zubar da jiƙon nan yau. Hanjin da ake zargin ya maƙale, a ɗura masa abin da zai tilasta shi turawa da ƙarfi? Raina yana ɓaci duk lokacin da aka kawo mana mutum ciki ya kumbura kamar ganga bayan kwana uku ana ba shi kanwa.

Sai an duba shi za a san ainihin ciwonsa, domin olsa da tsakuwar matsarmama duk suna iya yin haka. Amma ƙabar ciki gaskiya ce, ko da yake ba kasafai ake samunta ba. A gwaiwa, hanji yana leƙowa ta bangon ciki, ido ya gani, hannu ya taɓa. A wannan kuwa, can ciki yake zurmawa cikin wani aljihu ko ƙofa a jikin tantanin da ke riƙe da hanji. Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, yana ta motsi, don haka samun ƙofa ba ya masa wuya. Wasu da aljihun aka haife su, galibi kusa da farkon ƙaramin hanji ta ɓangaren hagu. Wasu kuma tsohuwar tiyata ce ta bar ƙofar, musamman tiyatar rage ƙiba. A mata, akan samu a tantanin da ke riƙe da mahaifa.

Hanjin ya shiga, ciwo ya tashi. Ya zame ya fito, mutum ya miƙe garau. Shi ya sa hoton da aka saba yi, na shafa mai a ciki, yakan fito lafiya lau, har a fara cewa sammu ne. Hoton CT, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura a ɗauka, shi ne ya fi nuna ta, musamman in an yi shi lokacin da ciwon ke ci. Wani lokaci ma sai an zura kyamara ta ƙaramin huji kafin a tabbatar. Ku nemi ganin likitan tiyata a asibitin koyarwa, ku faɗa masa komai, har da jiƙon.

Maganinta tiyata ne, babu sassaƙen da ke ɗinke ƙofa. A zaro hanjin, a rufe ƙofar, shi ke nan. In an makara, ƙofar ta shaƙe jijiyoyin jini, hanji yana iya fara mutuwa cikin kamar awa 6, sai an yanke ruɓaɓɓen an haɗa sauran, kuma a nan ake rasa rai.

Ina sake roƙonki: in ciwon ya ƙi lafawa, ko amai ya koma kore, ko ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, kada a jira gari ya waye. Kada a ba shi tramadol ya rufe ciwon, kada wanzami ya yi masa ƙaho ko sakiya, kada a ba shi abinci ko ruwa. A sa shi a mota zuwa asibitin da ake tiyata, ko da ƙarfe biyun dare ne.