Tambaya da Amsa: Bohol ɗinmu ya lalace, dagaci ya ce ba ruwansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a jihar Kano. Bohol ɗin garinmu ya fi wata 7 a lalace, matanmu da yara sai rafi. Mun je wajen dagaci ya ce shi ba shi da ko sisi. To tunda an ce yanzu kuɗin ƙananan hukumomi zai riƙa zuwa musu kai tsaye, shi dagaci da hakimi meye amfaninsu kenan? Ko dai rawanin ne kawai?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Dagacinku bai yi maka ƙarya ba fa, da gaske ba shi da shi. Mutanenmu har yau suna kallon sarakuna da idon zamanin En'e, lokacin da baitulmali da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun sarki. Tun zamanin Gowon aka karɓe 'yan doka da kotuna, a 1976 aka yi garambawul aka kafa ƙananan hukumomi En'e ta tafi, a 1978 dokar filaye ta sa ƙasa a hannun gwamna, sannan Abubakar Rimi da ya hau a 1979 ya soke haraji da jangali a Kano, wanda da ma shi ne abin da ke bi ta hannun dagaci. Kundin tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba su aikin komai ba. Akwai kashi 5 cikin 100 da jihohi da yawa ke cirewa daga kason ƙananan hukumomi don masarautu, amma kafin ya gangaro kan dagaci sai dai ƙanshi.

Saboda haka maganar kuɗin bohol ta ciyaman ce da kansilanku, su kuka zaɓa (ko aka zaɓa muku, wannan kuma zance ne na wata rana). Hukuncin da ka ji na Kotun Ƙoli ne, na 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu ba tare da ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Hukunci daban, aiwatarwa daban.

Amma inda ban yarda da ranka ya daɗe ba shi ne ya ce ba kuɗi ya naɗe hannu. Abin da ke hannunsa ciyaman ba shi da shi, wato in ya sa aka yi shela mutane za su fito. Na gani da idona a garinmu wata shekara, ruwa ya cinye hanyar kasuwa mota ba ta shiga, dagaci ya tara masu unguwanni a zaurensa bayan isha'i, washegari da sassafe sai ga amalanke da jakuna da samari da shebur ana ta zuba marmara, mata suna aiko da kunu, kafin la'asar a-kori-kura ta wuce, kuma wallahi ba wanda aka biya ko kwabo. Ka tuna batun foliyo ma. A 2003 Kano ta dakatar da allurar gaba ɗaya, ko bayan an dawo da ita ma'aikata suna ta shan kora a ƙofar gida, sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, masu unguwanni suka riƙa shiga gaba gida-gida, kafin a Agustan 2020 aka ce cutar ta bar Afirka. Rikicin burtali da iyakar gona kuwa, nawa ne ake sasantawa a zauren dagaci ba su kai ofishin 'yan sanda ba?

Sai dai ka yi masa uzuri kaɗan in ka ga yana tsoron ɗaga wa ciyaman murya. Wanda ya ga an raba masarautar Kano gida 5 a 2019, an sauke sarki a 2020, an sake rushe rabon a 2024, ai ya san rawaninsa ba ƙusa aka buga masa ba. A Nijar da suka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004 doka ta ba sarakuna kujera a majalisar ƙaramar hukuma, a lokacin suna magana amma ba su kaɗa ƙuri'a, mu nan ko wannan ba mu da shi a rubuce.

Ku koma wajensa ku da yawa, da liman da dattawa, kar ku ce ya ba da kuɗi. Ku ce ya sa hannu a takardar koke, a bi da ita ta wajen hakimi, ku kai kwafi sakatariya ku ba kansila nasa. Kafin nan ku kira makaniki ya duba, sau da yawa roba ce ta cinye ko sanda ta tsinke a ciki, abin da karo-karon gida-gida zai iya. In an gyara a naɗa mutum biyu masu riƙe asusun fanfon, ɗaya ta zama mace, don mata ne ke ɗiban ruwan.