Kafin ka buɗe gwangwanin fenti

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na ce ka goge allon mai takalman nan na Babbar Kasuwa, alhali harufanka sun miƙe, fentin ma bai zuba ba. Hannunka ba shi da laifi. Kalma ɗaya ce ta ɓata aikin: ka rubuta "News Shoes".

Na gane tunanin da ka yi, kuma tunanin Bahaushe ne mai hankali. A wurinmu sifa tana bin jinsin suna da adadinsa: sabon takalmi, sabuwar jaka, sababbin takalma. Sai ka ce tunda takalman da yawa ne, bari "new" ma ta samu nata "s". To, sifar Turanci ba ta sauya riga. Ko abu namiji ne ko mace, ko ɗaya ko ɗari, tana nan yadda take: new shoe, new bag, new shoes. Da ka ƙara mata "s" ta koma "news", wato labarai irin waɗanda ake karantawa a Rediyon Rima. Mutumin nan kuwa kuɗinsa ya biya don a san yana da sabon kaya.

Sai wurin zamanta. Mu muna iya cewa farar riga, mu kuma ce riga fara, ko jaka mai kyau. A kan allon Turanci sifa ce a gaba, suna a baya: white gown, good bag.

Inda na fi so ka natsu shi ne idan sifofi suka taru. Baduku zai zo ya ce a rubuta masa babbar jar jaka ta fata. Ba yadda ka ga dama za ka jera su ba. Ra'ayi ke fara zuwa, kamar beautiful, sai girma, sai sabunta ko tsufa, sai launi, sai garin da abu ya fito, sannan abin da aka yi shi da shi: big red leather bag. Ni da akuyarmu nake tunawa. Jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, "Red Sokoto" ake ce mata, launi kafin gari. In ka juya su, wanda ya yi boko zai gane nufinka, amma zai ji abin ya yi masa banbaraƙwai, kuma sunan shagonmu ne a ƙasan allon.

In mai shago na so a ce nasa ya fi arha, cheaper ne, wanda ya fi duka kuma cheapest. Good ce ke bauɗewa: better, best. Kada ka taɓa rubuta "more better", ko da mai allon ya nace.

Ɗauko alli ka shata "New Shoes" tukuna, ka kira ni in duba.