Shin tsadar man shafawa tana nuna ingancinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara biyu ke nan ina sayen wani man fuska mai tsada saboda tabon da kuraje suka bar mini, sai kwanan nan na ji cewa kamfanin da ke yin sa shi ne kuma ke yin wani mai araha da nake rainawa. Abin ya tsaya mini a rai. Yanzu kuma wata ta sayar mini da wani haɗi da ya fi wancan tsada, ta ce cikin mako guda zai share tabon, kuma tsadarsa ita ce shaidar ba shi da illa. Yau kwana 10 ina shafawa, fuskata ta yi haske, amma tana yi mini raɗaɗi idan na shiga rana. Hankalina ya tashi, me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Sunayen mayukan suna da yawa, amma masu su 'yan ƙalilan ne. Kamfanin L'Oréal na Faransa, wanda aka kafa a 1909, shi ke da Lancôme da Kiehl's masu tsada, shi ke da Garnier da Maybelline, kuma a 2017 ya sayi CeraVe. Beiersdorf na Jamus shi ke yin Nivea da Eucerin, shi ne kuma mai La Prairie. Estée Lauder na Amurka yana riƙe da La Mer a ɓangaren masu hali, da The Ordinary a ɓangaren masu araha, kamar yadda Olay da SK-II duk na Procter & Gamble ne.

Wannan ba ya nufin abu ɗaya ake ɗurawa a mazubi biyu, domin haɗin yakan bambanta, mai tsadan kuma yakan fi daɗin shafawa da ƙamshi. Sai dai kaso mai yawa na kuɗin da kike biya yana tafiya ne a kan talla, da kwalliyar kwalba, da ribar 'yan kasuwa, da darajar suna. Fata kuwa ba ta san farashi ba, abin da take amsawa shi ne sinadarin da ke ciki, da yawansa, da kuma ko mazubin ya kare shi daga iska da haske. Ki riƙa karanta jerin sinadaran da ke bayan kwalba, saboda ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a kai waɗanda ba su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Idan abin da ake tallata man da shi ya zo can ƙarshen jeri, bayan turare, kin san matsayinsa. Ga tabon kuraje, abubuwan da aka tabbatar da amfaninsu su ne man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 ko sama a kullum, sai retinol, da niyasinamaid, da sinadarin azelayik, kuma duk ana samun su a mayuka masu sauƙin kuɗi. Mai juna biyu dai ta guji retinol.

Amma abin da ya fi damuna shi ne rabin tambayarki na biyu, domin kusan kullum sai na ga wadda wannan magana ta cutar, wato cewa mai tsada ba ya illa, kuma wanda ya yi aiki da sauri shi ne mai kyau. Saman fata yana ɗaukar kimanin mako 4 kafin ya sabunta kansa, shi ya sa maganin tabo na gaskiya yake buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji. Duk haɗin da ya haska fuska cikin mako guda, ba kyawun sinadari ne ya yi wannan aikin ba. Galibi an zuba masa ɗaya daga cikin abubuwa uku ne: maganin siteroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, ko sinadarin haska fata na haidirokwinon mai yawa, ko makuri, wato zaiba. Hasken gaggawa tare da raɗaɗi a rana, kamar yadda kika bayyana, alama ce da ta yi daidai da wannan.

Siteroyid magani ne na cutar fata da ake ba da shi na ɗan lokaci, ba man kwalliya ba ne. Idan aka daɗe ana shafa shi, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nanƙarwa ta fito, kuraje su ƙaru, makero ya samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. Idan kuma ana shafe jiki duka da shi, yakan shiga jini ya tayar da hawan jini da ciwon suga. Haidirokwinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan kwalliya tun 2001, yakan juya bayan dogon amfani ya bar baƙin tabo mai duhun shuɗi a kumatu, wanda ke da matuƙar wuyar magani. Zaiba kuwa ƙoda da jijiyoyi take lalatawa, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da jaririn da ke shan nono, har ma da mutanen gida ta hanyar tawul da shimfiɗa. Saboda haka ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan taƙaita amfani da zaiba suka amince a 2023 a haramta ta kwata-kwata a kayan kwalliya.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu irin wannan haɗi sun gane cewa mutane suna auna aminci da farashi, don haka da gangan suke tsawwala kuɗin. Sai su juye shi a kwalba mai kyau, su rubuta cewa daga tsirrai zalla aka yi shi, babu jerin sinadarai, babu sunan masana'anta, babu ranar lalacewa. Mutumin da bai taɓa karanta yadda fata take aiki ba yana ba da maganin da likita ma sai ya auna kafin ya rubuta, kuma idan fuska ta lalace sai ya ce ai jikinki ne bai karɓa ba, ya sake sayar miki da wani. Kada kuma lambar rajista ta rufe miki ido, domin ko a Amurka hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ba ta tantance man kwalliya kafin ya shiga kasuwa, balle abin da aka dama a ɗaki. Wanda ya san abin da ya zuba a kwalba ya ɓoye wa mai saye, amana ya ci, kuma haƙƙin lafiyar mutane yana wuyansa.

Tunda kwana 10 kacal kika yi, ki daina shafawa yau. Ki riƙa wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, ki shafa mai marar turare ko basilin kaɗan, ki kuma lizimci man kariya daga rana. Fuskar tana iya yin ja ko ta feso da kuraje na 'yan kwanaki, kada wannan ya sa ki koma masa. Wadda ta yi watanni tana shafawa kuwa, kada ta yanke lokaci guda, sai likita ya tsara mata yadda za ta rage a hankali. Ki je ki ga likitan fata, ki tafi masa da kwalbar a hannunki.