Wai da gaske ne Hausawa sun taɓa yin tawaye a Brazil?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji ana cewa wai Hausawa ne suka tayar da boren bayi a Brazil a 1835, da gaske ne ko dai zancen shayi ne kawai?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, zancen na da tushe, sai dai an ɗan cakuɗa shi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 da kuma rushewar daular Oyo sun jefa mutane da yawa hannun masu fataucin bayi, aka gangara da su bakin teku aka loda a jirgin ruwa sai Bahia, wato birnin Salvador da gonakin raken da ke kewaye da shi. A cikinsu akwai Hausawa, akwai Nufawa, akwai Barebari, ga Yarbawa masu ɗimbin yawa.

Hausawa su suka fara. A 1807 an bankaɗo shirinsu tun kafin su motsa, a 1814 kuwa sun tashi a yankin masunta na Itapuã sun ƙona wuraren aikin iyayen gijinsu kafin sojoji su murƙushe su. Amma shi na 1835 ɗin da ake ta faɗi, gaskiya Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, shi ya sa ma ake ce masa boren Malê, daga kalmar imale da Yarbawa ke kiran Musulmi da ita. Hausawa na ciki kam, akwai wani 'yantacce mai sayar da taba da ake kira Dandara wanda aka tuhuma da koyar da karatu a shagonsa, to amma kar mu ce namu ne mu kaɗai.

Abin ya faru daren 24 wayewar 25 ga Janairu, ƙarshen azumi. Wata 'yantacciya ce ta tsegunta wa hukuma, aka yi wa wani gida dirar mikiya cikin dare 'yan boren suna tsaka da shiri, dole suka fito tun lokaci bai yi ba, sauran suka biyo su har suka kai wajen mutum 600 sanye da fararen riguna, mafi yawa da takubba da wuƙaƙe su kuwa sojoji da bindiga. Sun gwada fasa kurkuku su fito da malaminsu Pacífico Licutan abin bai yiwu ba, daga ƙarshe sojojin doki suka tare su a unguwar Água de Meninos a birnin Salvador, aka kashe kusan 70.

Ni abin da ke sosa min rai shi ne layun. A jikin gawarwakin an samu 'yan takardu a naɗe, ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci irin na makarantar allo, mutum an raba shi da uwa da uba da sunan yanka amma karatun na nan a kansa, har ya samu tawada ya rubuta. 'Yan sanda ba su iya karantawa ba sai da suka nemo wani bawa Bahaushe ya duba musu, kuma har yau wasu takardun na ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Bahia.

Hukunci ya yi tsanani, an harbe huɗu a watan Mayu, Licutan aka yanke masa bulala 1000, aka kuma kora 'yantattu da dama zuwa Afirka. Cikin masu komowa a shekarun nan ne aka samu al'ummomin da ake kira Aguda a Legas da Tabom a Accra. Ita Brazil ba ta soke bauta ba sai 1888.