Shin feshin amino asid zai iya maye gurbin taki a garka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai garka ne a Mirya, ina noman tumatir da tattasai da salati. Wani mai sayar da maganin gona a cikin Damagaram ya nuna mini ruwan amino asid, ya ce idan ina fesa shi a ganye ba sai na ƙara sayen taki ba. Shin haka abin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ruwan yana da amfani, amma mai kantin ya yi zuzutawa irin ta 'yan kasuwa. Amino asid su ne ƙananan sinadarai iri 20 da ake gina furotin da su, kuma shuka tana haɗa nata da kanta daga abincin da saiwa ta zuƙo. Na cikin kwalba ana samun sa ne ta hanyar narkar da waken soya, ko gashin kaji, ko ragowar fata da kifi, kuma sinadarin azot (wato naitrojin, abincin da ke sa ganye ya yi kore) da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da takin ure mai kashi 46 cikin 100. Saboda haka kada ka rage takin gargajiya ko NPK 15-15-15, musamman a ƙasarmu mai rairayi wadda ba ta riƙe abinci.

Inda feshin yake nuna kansa shi ne lokacin da shuka ta shiga wahala: kwanakin farko bayan dashe, da iskar hunturu mai busar da ganye, da kuma zafin Afrilu wanda kan haura digiri 40 har furen tumatir ya riƙa kakkaɓewa. Ɗaya daga cikin amino asid ɗin, wato furolin, yana taimaka wa ganye riƙe ruwa, wani kuma mai suna gilisin yana sauƙaƙa shigar sinadarin ƙarfe da zinki. Shukar da take ƙoshe ba lallai ta nuna bambanci ba.

Ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba. Yawanci ba ya wuce mililita 2 zuwa 3 a kowace lita, wato mililita 30 zuwa 45 a famfon goyo mai lita 15, duk kwana 10 zuwa 15. A fesa da sassafe ko bayan la'asar, bayan an yi ban ruwa, a karkatar da bakin famfon ya jiƙa bayan ganye. Kada a gauraya shi da maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe ko farar wuta, domin haɗin yana iya ƙona ganye, haka ma wuce ma'auni, balle a salati mai laushi.

Ba ya kashe tsutsar tumatir ta Tuta absoluta, kuma baƙin da ke fitowa a gindin ɗan tumatir matsalar kalsiyam ce da ban ruwa marar tsari. Kafin ka zuba kuɗi da yawa, ka fesa wa fangali biyu ko uku, ka bar na kusa da su haka nan, sannan ka gwada yawan kwandon da kowanne ya bayar.