Kwamfuta za ta iya tantance hotunan murjani?

Ɗan'uwa, ka ce ka tara hotunan murjani (halittun da ke gina duwatsu a ƙarƙashin teku) daga Sanganeb, wani wuri a Bahar Maliya kusa da birnin Port Sudan, kana tambaya ko kwamfuta za ta tantance maka su. Za ta iya, amma sai ka koya mata. CoralNet, manhajar kyauta ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, tana watsa ɗigo-ɗigo a kan hoto, kai ka fara nuna mata: nan murjani, nan gansakuka, nan yashi. Daga nan sai ta koyi tantance sauran da kanta.

Wajen ɗaukar hoton ake yawan tuntuɓe. Ruwa na cinye jan launi, don haka daidaita haske, kada tazarar da ke tsakaninka da murjanin ta riƙa sauyawa. Murjanin da ya yi fari kuma ba lallai ne ya mutu ba. Wannan kam, da rarrabe jinsi, sai masanin halittun teku ya duba maka.